Yadda Ake Ɗaure Karatu Kada Ya Kuɓuce Daga Ƙwaƙwalwa

Akwai wani kuka da nake yawan ji daga bakin ɗalibai idan jarrabawa ta wuce: "Wallahi na karanta, amma da na shiga aji sai komai ya gudu." Mai faɗin haka yawanci gaskiya yake faɗa. Ya kwana a kan littafi, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin kusan kowace jimla, ya ci goro ko ya sha shayi mai kauri don ya kori barci, ya maimaita shafi ɗaya sau huɗu ko biyar har ya ji kamar ya haɗiye shi. Da gari ya waye aka miƙa masa takardar tambayoyi, sai ya ci karo da tambayar da ya sani sarai, yana ma iya tuna cewa amsarta tana can ƙasan shafi ta hannun dama, amma kalmomin suka ƙi fitowa. Daga nan wasu kan yanke wa kansu hukuncin cewa kansu ba ya ja, wasu kuma su shiga zargin baki ko sammu. Wannan abu yana ci mini rai, domin a mafi yawan lokuta ƙwaƙwalwar yaron lafiyarta ƙalau, hanyar da ya bi ce ba ta dace da yadda take aiki ba.

Kafin a shiga matakan gyara, ya kamata a san abin da ke faruwa a cikin kai. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma kowace ƙwaya tana sadarwa da wasu masu yawa. Idan mutum ya koyi wani abu, wasu daga cikin mahaɗun nan ne ke ƙara ƙarfi, kamar yadda turba ke fitowa a tsakiyar gona saboda yawan bin ta. Turbar da ake bi kullum ko da dare ba ta ɓacewa, wadda aka daina bi kuwa damina ɗaya ta isa ciyawa ta rufe ta. Sannan abin da aka ji ko aka karanta ba ya zarcewa kai tsaye zuwa inda zai zauna. Da farko yana sauka ne a wata 'yar ma'ajiya ta wucin-gadi, wadda za a iya kwatanta ta da tafin hannu, ba ta ɗaukar abu da yawa kuma ba ta riƙe shi fiye da 'yan daƙiƙoƙi sai idan ana nanata shi. A 1956 masanin halayyar ɗan Adam George Miller na Amurka ya ƙiyasta cewa tana ɗaukar abubuwa kamar bakwai a lokaci guda, sai Nelson Cowan ya zo a 2001 ya nuna cewa adadin ya fi kusa da huɗu. Daga tafin hannun ne ake kwashe abin da ya cancanta zuwa rumbu, wato ma'ajiya mai ɗorewa.

Mai aikin kwasar nan wani ɗan lanƙwasasshen sashe ne da ake kira hifokamfas, akwai ɗaya a kowane ɓari na kai. An gane muhimmancinsa ne ta hanya mai ban tausayi. A 1953 wani likitan fiɗa mai suna William Scoville ya yi wa wani saurayi ɗan shekara 27, Henry Molaison, aiki a birnin Hartford na Amurka domin magance masa farfaɗiya mai tsanani, inda ya cire mafi yawan wannan sashe daga ɓangarorin biyu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, hankalinsa da maganarsa ba su taɓu ba, kuma yana tuna abubuwa da yawa na yarintarsa, amma daga ranar har rasuwarsa a 2008 bai ƙara iya ajiye sabon labari ba. Masaniyar da ta shafe shekaru tana nazarinsa, Brenda Milner, duk zuwan da ta yi sai ta sake gaya masa ko ita wace ce. Abin mamaki shi ne ta koya masa bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi, kullum hannun yana ƙara ƙwarewa, alhali shi bai san ya taɓa yin aikin ba. Ashe abin da hannu ya iya, kamar tuƙa keke ko ɗinki, wurinsa daban, abin da aka sani kuma ake iya faɗa da baki wurinsa daban.

Mantuwa kuwa ta ƙofofi huɗu take shigowa. Wani abin bai shiga ba tun farko, domin hankali yana wani wuri lokacin da aka ji shi. Wani ya shiga amma ya dusashe saboda ba a waiwaye shi ba. Wani kuma makamancinsa ne ya hau kansa suka cakuɗe. Na huɗu yana nan daram a rumbu, igiyar janyo shi ce aka rasa, kamar sunan mutumin da kake jin sa a bakinka ya ƙi fita, sai bayan kun rabu ya faɗo maka. Kowane mataki da zai biyo baya an yi shi ne don toshe ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi.

Mataki na farko: tattara hankali wuri ɗaya

Tunda tafin hannun ƙarami ne, duk abin da ya shigo sai ya ture wani. Wanda ke karatu wayarsa tana gefe tana haske, yana duba WhatsApp bayan kowane sakin layi, bai ba karatun damar shiga ba balle a yi maganar fitowa. Ka ajiye wayar a wani ɗaki, ko ka ba wani ya riƙe maka, ka yanke wa kanka minti 25 zuwa 40 na aiki ɗaya tak, sannan ka tashi ka miƙe ƙafa. Awa ɗaya da hankali cikakke ta fi yini guda da rabin hankali.

Mataki na biyu: fahimci abin, sannan ka yanka shi gunduwa-gunduwa

Ƙwaƙwalwa ba ta son abin da ke tsaye shi kaɗai babu dangi. Kafin ka fara haddar komai, ka tambayi kanka me ake nufi da shi, me ya sa haka, kuma da me ya yi kama cikin abin da ka riga ka sani. Ɗalibin da aka koya wa yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana zai fi riƙe darasin idan ya tuna da gero ko masarar da aka shuka a ƙarƙashin inuwar bishiya, yadda take fitowa siririya ba ƙwari. Ya rataye sabon sani a jikin tsoho ke nan, kuma duk ranar da ya nemi sabon, tsohon ne zai miƙo masa shi.

Yankawa kuma dabara ce da kowa yake yi ba tare da ya lura ba. Lambar waya a Nijeriya alƙaluma 11 ce, ta fi ƙarfin tafin hannu, amma babu mai faɗin ta a miƙe. Ana cewa huɗu, a numfasa, a ce uku, a numfasa, a ƙarasa huɗu, sai ta koma abu uku maimakon goma sha ɗaya. Haka za ka yi wa dogon babi: ka raba shi gida uku ko huɗu, ka ba kowane gida suna da kalmominka, kada ka shiga na biyu sai na farko ya zauna.

Mataki na uku: rufe littafin ka biya

A nan ne gaba ɗaya maganar take, kuma a nan ne ɗalibin da muka fara da shi ya yi asara. Maimaita karanta shafi yana sa ido ya saba da shi, sabon nan kuma yana yaudarar mutum ya zaci ya iya. Gane abu idan an gan shi aiki ne mai sauƙi, fito da shi daga kai babu littafi a gaba aiki ne daban, kuma shi jarrabawa ke nema, shi ma rayuwa ke nema.

Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya ga maganin da idonsa. Almajiri yana rungume da allonsa yana nanata rubutun da ƙarfi, jikinsa yana rangaji, har ya ji ya zauna masa. Amma jin da ya yi ba ya ba shi izinin wankewa. Sai ya je gaban malam ya durƙusa, ya miƙa allon ko ya juya shi, ya kawo karatun da ka. Ya kan yi tuntuɓe a wata gaɓa, ya yi shiru, ya koma farkon ayar ya sake tahowa, malam bai ce masa komai ba sai idan ya ga ya maƙale sosai, sannan ya jefa masa kalma ɗaya. Idan karatun bai fita ba a ce ya koma ya gyara, idan ya fita a ce ya je ya wanke. Shirun nan da yaron ya yi yana lalube a cikin kansa, wanda mai kallo zai ɗauka gazawa ce, shi ne lokacin da turbar ke ƙara fitowa.

Masu bincike sun auna wannan. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis sun ba ɗalibai wani gajeren rubutu. Rukuni ɗaya ya karanta shi a zama huɗu a jere. Ɗaya rukunin ya karanta a zama ɗaya kawai, sannan aka karɓe takardar aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba, sun kawo kashi 83 cikin ɗari, masu gwada kai kuma kashi 71. Da aka gwada bayan mako guda sai lissafi ya juya: masu maimaita karatu sun faɗo zuwa kashi 40, masu gwada kai suna riƙe da kashi 61. Wani abin lura shi ne masu maimaitawar ne suka fi tabbacin cewa za su tuna.

Ga yadda za ka yi. Ka karanta gunduwa ɗaya a natse, sau ɗaya ko biyu. Ka kife littafin. Ka ɗauki farar takarda ka rubuta duk abin da ka iya tunawa, ko ka faɗe shi da baki kamar kana yi wa ƙaninka bayani. Idan ka maƙale kada ka yi saurin buɗewa, ka ba kanka kamar rabin minti kana nema. Bayan ka zube duk abin da ke kanka, sai ka buɗe ka gwada da na littafin, ka yi alama a inda ka rasa da inda ka kawo ba daidai ba, domin kuskuren da ba a gyara ba shi ma zama yake yi. Wuraren da ka yi wa alama su ne karatunka na gaba, sauran ka bar su su huta. Mai shirin WAEC ko NECO ko JAMB ya yi haka da tsofaffin tambayoyi: ya amsa tukuna, sannan ya duba amsa. Wanda ke karanta tambaya da amsarta tare ya koma gidan jiya. Na san wannan hanya tana da ɗaci a kwanakin farko, domin tana nuna wa mutum ƙarancin abin da ya riƙe, amma gara ka ga ramin a ɗakinka da ka gan shi a ɗakin jarrabawa.

Mataki na huɗu: raba bitar a kan kwanaki

Mutumin da ya fara auna saurin mantuwa Bajamushe ne, Hermann Ebbinghaus, wanda ya wallafa sakamakonsa a 1885. Da kansa ya yi gwajin. Ya ƙirƙiri gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, ya haddace su jeri-jeri, sannan ya riƙa auna yawan wahalar da ta rage masa idan ya dawo sake haddarsu. Bayan minti 20 abin da ya saura na amfanin haddar farko kashi 58 ne cikin ɗari, bayan awa ɗaya kashi 44, bayan kwana ɗaya kusan kashi 34, bayan wata guda kashi 21. Abu mai ma'ana ba ya zubewa da wannan sauri, amma salon zubewar ɗaya ne: mafi yawan asarar a awoyin farko take, daga nan sai ta lafa. Ya kuma gano cewa maimaici 38 da aka raba a kwana uku ya yi aikin maimaici 68 da aka yi a zama ɗaya.

Mahaddata sun daɗe da sanin haka. Hadisin Abu Musa al-Ash'ari da ke cikin Bukhari da Muslim ya yi umarni da a riƙa bibiyar Alƙur'ani, domin ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa. Shi ya sa alaramma ba ya cewa ya gama don ya sauke. Yana da tilawarsa ta kullum, kuma wanda ke karanta izu biyu a rana yana zagaye izu 60 a cikin kwana 30, ya dawo kan kowace aya kafin ciyawa ta rufe turbarta.

Ga tsarin da nake ba da shawara a kai, kuma kowa yana iya daidaita shi da halinsa. Abin da ka koya da safe ka biya shi da ka kafin ka kwanta. Ka sake biya shi washegari, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Duk lokacin da ya fito lafiya ka tsawaita tazarar, duk lokacin da ya ƙi ka gajarta ta. Bitar da ta fi amfani ita ce wadda ta zo daidai lokacin da abin ya fara dusashewa, ta yadda sai ka ɗan yi fama kafin ya fito. Don kada lissafin kwanaki ya rikice, akwai dabarar da ɗan jaridar Jamus Sebastian Leitner ya yaɗa a 1972. Ka yanka kwali ƙanana, tambaya a gaba, amsa a baya, ka samo ambulan ko gwangwani uku zuwa biyar. Gwangwanin farko ana duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako, haka har na ƙarshe. Katin da ka amsa daidai ya ci gaba zuwa gwangwani na gaba, wanda ka faɗi ya dawo na farko komai nisan da ya yi. Da haka lokacinka zai tafi a kan abin da ke ba ka wuya.

Mataki na biyar: jera masu kama da juna ka rarrabe su

Abubuwa biyu masu kama su ne suka fi cin juna. A Suratul Baƙara aya ta 58 umarnin shiga ƙofa da sujada ne ya gabaci faɗin "hiɗɗatun", a Suratul A'araf aya ta 161 kuma faɗin kalmar ne ya gabaci shiga ƙofar. Mai hadda da bai taɓa ajiye ayoyin nan biyu gefe da gefe ba, wata rana zai taso daga Baƙara ya tsinci kansa a A'araf. Gwanaye suna ba irin waɗannan wurare kulawa ta musamman. Ka yi koyi da su a kowane fanni: idan ƙa'idoji biyu na lissafi, ko shekaru biyu na tarihi, ko sunayen magunguna biyu suna rikita ka, ka rubuta su a shafi ɗaya, ka nemo takamaiman inda suka rabu, ka haddace bambancin shi kansa.

Mataki na shida: ka yi barci

Kwasar kaya daga tafin hannu zuwa rumbu ba ta ƙarewa da rufe littafi. A cikin barci mai nauyi hifokamfas yana sake bin abin da aka koya da rana yana miƙa shi ga sauran sassan ƙwaƙwalwa. Tun a 1924 John Jenkins da Karl Dallenbach na Jami'ar Cornell suka sa ɗalibai biyu haddar gaɓoɓi goma-goma, suka tarar cewa bayan awa takwas na barci ana tuna fiye da rabi, bayan awa takwas a farke kuwa da ƙyar ake kawo ɗaya. Baligi yana bukatar aƙalla awa bakwai, matashi kuma takwas zuwa goma. Wanda ya raba dare yana karatu a jajibirin jarrabawa ya tara hatsi ne a tsakar gida ya hana a kai shi rumbu, ga shi kuma zai shiga aji da kai mai nauyi. Tsarin da ya fi shi ne bita da ka bayan isha'i, a kwanta da wuri, a sake biyawa bayan asuba.

Mataki na bakwai: kada ka ɗora wa kai abin da takarda za ta ɗauka

Mantuwar yau da kullum, irin ta makulli da saƙon cefane da alƙawarin biki, yawanci ta ƙofar farko take shigowa, wato hannu ya ajiye abu hankali yana wani wuri. Ka kafa ƙusa ɗaya a bayan ƙofa, makulli ba shi da wurin kwana sai nan. Bashi da alƙawari a rubuta su nan take. Shan magani a ɗaura shi a jikin abin da ba ya wucewa, kamar sallar asuba ko cin tuwon dare, a kuma ajiye kwalbar inda ido zai faɗa mata a lokacin. Idan an gabatar maka da mutum, ka maimaita sunansa a cikin gaisuwar, ka haɗa shi da wani mai irin sunan da ka sani, ka sake kiran sunan lokacin sallama.

Mataki na takwas: san mantuwar da ke bukatar likita

Manta inda aka ajiye waya, ko sunan da ya maƙale ya dawo daga baya, abu ne da ke samun kowa, kuma yana ɗan ƙaruwa da shekaru. Wanda ya kamata a tashi tsaye a kansa shi ne idan dattijo ya fara maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a zama guda, ko ya ɓace a hanyar masallacin da ya shekara arba'in yana bi, ko lissafin kuɗin da ya saba ya gagare shi, ko uwa ta kasa haɗa girkin da ta yi duk rayuwarta. Sau da yawa mukan ce tsufa ne mu yi shiru, wani lokaci ma a jingina abin ga iska, alhali akwai musabbabai da ake iya magancewa: ƙarancin sinadarin bitamin B12, matsalar ƙwayar wuya da ake kira tayirod, ciwon damuwa, rashin barci, da illar wasu magungunan sa barci. Hawan jini da ciwon sukari da ba a kula da su ba suna lalata ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa a hankali. A wajen matasa kuma giya da wiwi da tiramol da maganin tari mai kodin suna dakushe hankali da riƙo. Ko da abin ya zama cutar mantuwa ta tsufa, gano ta da wuri yana ba iyali damar shirya yadda za su kula da mai ita cikin mutunci. Wanda zai raka shi asibiti ya zama mutumin da ke zaune da shi, ya tafi da duk magungunan da yake sha, ya kuma rubuta lokacin da aka fara lura da canjin da misalan abin da ya faru. Idan kuwa rikicewar ta zo farat ɗaya, tare da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a garzaya da shi asibiti a cikin wannan sa'a, kada a jira gari ya waye.